Wanda Aka Zura wa Ƙwallo, Layin Gindin Kwando Nasa Ne Gaba Ɗaya

Babu dokar ƙwallon kwando da ake zalunta a filayen unguwannin Kano kamar dokar shigo da ƙwallo bayan an ci. Dokar tafiya da ƙwallo (yin taku da ita a hannu ba tare da buga ta a ƙasa ba) da ta fawul, ko ba a yi su daidai ba, kowa ya san da zamansu. Ita wannan kuwa, da yawa daga masu tada jijiyar wuya a kanta ba su ma san akwai ta ba. Yaro ya ɗauki ƙwallo ta faɗo daga raga, ya fita bayan layi, ya ga an tare masa gaba, ya ruga gefe yana neman wanda zai miƙa wa, sai ka ji 'yan kallo sun ɗauki ihu: "Ya yi tafiya! Rafali, ba ka gani ne?" Wani rafalin ya dake, wani kuma ihun ya fi ƙarfinsa ya busa usur, a ƙwace ƙwallo daga hannun yaron da bai yi laifin komai ba.

Ga abin da dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta tanada, kuma ita ce dokar da Najeriya ke bi tun daga gasar ƙasa har zuwa wasan makarantu. Idan aka zura maka ƙwallo, ko aka ci jifan kyauta (jifan da ake ba wanda aka yi wa fawul, ba mai tare shi) na ƙarshe, kowane ɗan wasanku yana iya ɗaukarta ya tsaya duk inda ya ga dama a bayan layin gindin kwandonku. Faɗin filin mita 15 ne, kuma duka naka ne. Ka yi gudu dama, ka dawo hagu, ka ja da baya. Har ma abokinka yana iya fitowa bayan layin shi ma, ka wurga masa, shi ya shigo da ita. Sharaɗin kawai shi ne sakan 5, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ƙwallo ta zo hannun mutum na farko. Miƙa wa aboki ba ya sabunta shi. Rafali ba ya buƙatar taɓa ƙwallon. Idan kuma koci ya nemi hutu bayan an ci, aka dawo, wannan 'yancin bai faɗi ba: rafali zai miƙa maka ƙwallo, amma layin yana nan naka.

Inda ake ruɗewa shi ne akwai jifa iri biyu a layi ɗaya. Idan ƙwallo ta fita waje ne, ko aka yi laifi kusa da wurin, to rafali ne zai nuna maka inda za ka tsaya, kuma ba za ka gusa gefe fiye da mita 1 ba kafin ka saki ƙwallo. Wuri ɗaya ne, ɗan wasa ɗaya ne, amma abin da ya faru kafin jifan shi ke yanke hukunci. Ko a nan ɗin ma, laifin wanda ya gusa ba "tafiya" ba ne, domin dokar tafiya da ƙwallo ba ta aiki a kan wanda ke wajen fili. Haka kuma taka layin kansa ba laifi ba ne, tunda layin a waje yake. Sai ƙafarka ta shiga cikin fili da ƙwallo a hannunka sannan ka yi laifi. Na sha ganin an raba abota a kan wannan ɗan layin mai faɗin santimita 5.

Ina zaune a jihar Indiana ta Amurka, inda ƙwallon kwando ta zama musu abin da ƙwallon ƙafa ta zame mana a Kano, ko ma fiye. Akwai makarantun sakandare a nan da ɗakin wasansu ke ɗaukar mutum sama da 7,000. Wani lokaci nakan taimaka da riƙe agogo a wasannin yara, kuma daga teburin nan mutum yana ganin abin da ɗan kallo ba ya lura da shi. Duk lokacin da za a dawo daga hutu, kafin rafali ya miƙa ƙwallo sai ya gaya wa yaron, da baki da hannu: ko dai ya nuna ƙasa da yatsa, ma'ana a nan za ka tsaya, ko ya share layin da tafin hannu, ma'ana kana iya gudu. Abin ba ya cin sakan biyu. Yaro ya ji, mai tare shi ya ji, iyayen da ke zaune a benci sun gani. Musun ya mutu kafin a haife shi.

Ba wai sun fi mu kaifin ƙwaƙwalwa ba ne. Hasali ma su ne ya kamata su fi kowa ruɗewa, domin littafin dokarsu ba ɗaya ba ne. NBA, wato gasar ƙwararru ta Amurka, da nata, jami'o'i da nasu, kuma na maza dabam na mata dabam, makarantun sakandare ma da nasu. Ɗauki maganar agogo kaɗai. A NBA yana tsayawa bayan an ci a minti ɗaya na ƙarshen zango na ɗaya da na biyu da na uku, da minti biyu na ƙarshen zango na huɗu. A wasan jami'a sai minti ɗaya na ƙarshen wasa. A sakandare ba ya tsayawa ko kaɗan: a zura maka saura sakan huɗu kana kan gaba, ka riƙe ƙwallonka a bayan layi har lokaci ya ƙare, ba ka karya doka ba. Tsallake rabin fili sakan 8 ne a NBA, sakan 10 a jami'a da sakandare. Amma kowa ya san a gidan da yake. Mu kuwa littafi ɗaya tal gare mu, sai dai kowa ya zo fili da dokar da ya gani a wayarsa daren jiya.

Abin da ya fi ba ni takaici kenan idan ƙannena suka turo mini bidiyon wasa daga gida. Sai ka ga ɗan wasa an matse shi a bayan layi, lissafi ya kai huɗu, ya juya yana yi wa rafali alamar hutu da hannu. A Amurka ya gani. A dokar FIBA ɗan wasa ba ya neman hutu. Koci ne ko mataimakinsa ke nema, ta hannun teburin masu riƙe agogo da maki, kuma da zarar ƙwallo ta shiga hannun mai jifa damar ta wuce. Sannan idan an ci ana cikin wasa, ba da jifan kyauta ba, ƙungiyar da aka zura wa ce ke da damar hutun, ba wadda ta ci ba. Agogon wasa kuma ba ya tsayawa bayan an ci sai in saura minti 2 ko ƙasa da haka a zango na huɗu ko a ƙarin lokaci. A cikin waɗannan mintuna biyun, idan kocin da aka ci ya ɗauki hutu, yana da zaɓi: ya shigo da ƙwallo daga gindin kwandonsa, ko a kai masa ita gaba, gefen filin abokan hamayya, amma agogon harbi, wato lokacin da ƙungiya ke da shi ta jefa ƙwallo kwando, ya koma sakan 14 maimakon 24. Wannan zaɓin fa lissafi ne babba. Wanda ke kan gaba yana son cinye lokaci, sau da yawa zamansa a baya ya fi masa. Wanda ake binsa da maki biyu saura sakan uku, gaba zai nufa.

A ganina tsarin FIBA ya fi gaskiya a nan, kuma ina faɗa wa abokaina na nan hakan ko ba su ji daɗi ba. Idan ka matsa wa mutum lamba na sakan huɗu har ya rasa mafita, bai kamata ya kuɓuta don ya ɗaga hannu ba. Guminka ne, ka ci.

Me ya sa dokar ba ta zauna mana ba? Ba na ɗora laifin a kan alƙalan da ke busa manyan wasanni. Kano ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, ta wakilci Najeriya a gasar ƙungiyoyin Afirka, kuma wanda ya saba zuwa ɗakin wasa na Ƙofar Mata ya san ana buga ƙwallo ta gaske a can. Matsalar tana ƙasa, inda yaro ke fara koyo. Yawancinmu a rabin fili muka tashi, kwando ɗaya, uku da uku ko huɗu da huɗu, ana jiran layi. A irin wannan wasan babu shigo da ƙwallo daga gindin kwando; a fita da ita sama a sake farawa. Ko a wasan uku da uku na hukuma, wanda aka ci daga ƙarƙashin kwando yake ɗauka a cikin fili, ba daga bayan layi ba. To yaron da ya shekara biyar a haka, ranar da ya shiga cikakken fili, ya iya yanka ya iya harbi, amma waɗannan sakan biyar ɗin baƙi ne a wurinsa. Yana ɗaukarsu lokacin numfashi. Ya tafi a hankali ya ɗauki ƙwallo, yana waige yana faɗa da wanda ya bari aka ci su, abokan hamayya kuwa sun gama komawa sun shirya.

Alhali kuwa don sauri aka kawo dokar. Tun daga 1891 da James Naismith ya ƙirƙiro wasan, duk lokacin da aka ci sai a koma tsakiya a jefa ƙwallo sama a yi tsalle. Ƙungiyar da ke da dogon mutum sai ta ci, ta sake samun ƙwallo, ta sake ci. A 1937 aka soke wannan a wasannin jami'o'in Amurka, aka ce wanda aka ci shi ke da ƙwallo nan take. Daga nan wasan ya zama na gudu. Kocin yara a nan yana ware lokaci a atisaye don wannan kaɗai: wa ke ɗauka, ta wane gefen allo zai fita don kada ƙwallo ta bugi bayan allon a ce ta fita, wa zai tsaya ya kange mai tarewa idan mai jifa ya ruga. Ban taɓa ganin an koya mana wannan ba muna yara, kuma ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki.

Wanda ke ganin ƙaramin abu ne, ya tuna wasan ƙarshe na Olamfik a Munik, 1972. Doug Collins na Amurka ya ci jifan kyauta biyu, Amurka ta wuce Tarayyar Sobiyet 50 da 49, saura sakan 3. Sau uku aka shigo da ƙwallon nan daga gindin kwando, saboda rikicin neman hutu da na agogo, har sai da sakataren FIBA na lokacin, William Jones, ya sa baki aka mayar da sakan ukun. A karo na uku, Tom McMillen, dogon Ba'amurken da ke tsaye gaban mai jifa, ya ga rafali ya yi masa alama da hannu, sai ya ja da baya. Mai jifan Sobiyet, Ivan Edeshko, ya sami sarari ya wurga ƙwallo tsawon fili, Aleksandr Belov ya cafe ya zura. 51 da 50. Shi ne karo na farko da aka doke Amurka a ƙwallon kwando a Olamfik, kuma 'yan wasan sun ƙi karɓar lambar azurfarsu har yau. Teburi da bai shirya ba, da alamar hannu da ba a fahimta ba, su suka jawo wannan duka.

Shi mai tarewa yana da nasa haddin. Yana iya tsalle da ɗaga hannu a gaban mai jifa, amma ba zai ƙetara layin da wani sashe na jikinsa ba kafin a saki ƙwallo. A minti biyun ƙarshe rafali yana yin alamar gargaɗi tun kafin ya miƙa ƙwallo, wanda ya ƙetara bayan haka fawul ɗin tekinika ne, wato fawul na rashin ɗa'a, ba na bugun jiki ba. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yi mana katutu: mutum ya ci, sai ya cafe ƙwallon ya riƙe, ko ya ɗan ture ta gefe da gangan don nasa su koma. Mu muna kiranta wayo, muna ma tafa masa. A doka jinkirta wasa ne, gargaɗi ne karo na farko, na biyu tekinika. A nan yaro ɗan shekara goma ya san idan ya ci ba ya taɓa ƙwallon.

Sai maganar wuri, wadda ita kam ba laifin kowa ba ce a cikin masu wasa. Doka ta ce a bar mita 2 babu komai a kewayen fili. Filayenmu da yawa, taku ɗaya daga layi ka ci karo da katanga, ko waya, ko kwata, ko babura a jere, ko 'yan kallo da suka zauna har kan layin suna cewa "Yallaɓai, ai ba mu tare komai ba." Ina mai jifa zai gudu? A bidiyon da ake turo mini, sau da yawa yaron a manne yake da ƙarfen kwando, mai tarewa kuma kamar zai shige cikin rigarsa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne FIBA ta yi tanadin irin filayenmu: idan tsakanin layi da abin da ya tare bai kai mita 2 ba, babu ɗan wasan da zai matso kusa da mai jifa ƙasa da mita 1. Rafalin unguwa yana iya tara kyaftin biyu kafin a fara, ya nuna musu katangar, ya ce a wannan gefen kowa ya ja baya taku guda, sannan ya roƙi masu babura su gusa da su can gefen masu sayar da ruwa.