Babi na biyu ba muryarka ba ce

Kwanaki wani ƙanena ya kawo mini kundinsa na kammala digiri in duba masa kafin ya miƙa. Babi na ɗaya Turancinsa ne da na sani, yana tafiya yana tuntuɓe. Ina shiga babi na biyu sai na ji wani mutum daban ke magana. Na ɗauki jimla ɗaya na zuba a Google, sai ga maƙalar wani malami ta fito sukutum. Da na tambaye shi, cewa ya yi: "Yaya, ai na sa sunansa a manazarta can ƙarshe." Har zuciyarsa bai ga laifinsa ba.

Abin da ke ba ni haushi, ɗalibanmu sun ɗauki ambaton majiya a matsayin wahalar da boko ya ƙirƙiro. Alhali a zaure muka taso muna jin malam yana karanta "wane ya ce", in maganar ta ƙare ya ce "intaha", don kada a gauraya zancen wani da na mai littafi. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin masu ruwaya, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. To, sunan marubuci da shekara da shafi da ake nema a tsarin ambaton majiya na APA, me ya raba su da wannan?

Yawancin satar fasaha tun wajen tattara bayanai take somawa. Ka kwafo sakin layi ka ajiye a waya ba suna ba shafi, bayan wata biyu ka manta ba naka ba ne. Don haka duk abin da ka kwafa, sa masa alamar zance nan take. In da kalmominka za ka faɗa, rufe littafin tukuna, ka rubuta abin da ka fahimta, sannan ka ambaci mai shi. Sauya kalma biyu-uku don a kuɓuce wa manhajar binciken kwafe ta Turnitin ba wayo ba ne. Manhajar kamanni take aunawa, ba gaskiyar mutum ba. Fassara aikin wani zuwa Hausa ba tare da sunansa ba ma sata ce. Masu dogaro da ChatGPT kuwa, yakan ƙago littafin da ba a taɓa rubutawa ba.

Kuma abin ba ya ruɓewa. A Jamus, ministan tsaro Guttenberg ya sauka a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta. A 2013 ministar ilimi kanta, Annette Schavan, ta bi sahu, a kan kundin da ta rubuta tun 1980.

Ƙanen nawa dai mako uku ya yi yana sake babin. Turancin ya koma tuntuɓensa, kuma har yau gaisuwarmu sama-sama ce.