King Faisal: a fili ya kamata a nemi hanyar komawa Firimiya

Duk wanda ya tashi a Asawase ko Aboabo, unguwannin Kumasi a Ghana, ya san King Faisal ba ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta rainawa ba. Ta hannun mai ƙungiyar, Alhaji Karim Grusah, Samuel Osei Kuffour ya bi kafin ya ɗaga kofin Zakarun Turai da Bayern Munich a 2001, haka ma Ibrahim Tanko kafin Borussia Dortmund. Amma a tarihin hawa da saukarta akwai inda magoya baya ba sa son a taɓa. Ni kuwa zan taɓa, domin ina ƙaunarta.

A 2014 ta faɗi daga Firimiyar Ghana. Magana ta kai kotu, har aka jinkirta fara kakar gaba zuwa Janairun 2015, duk da haka ba ta dawo ba. Sai a 2019, da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 18, aka shigo da ita tare da Great Olympics. Wato buɗe mata ƙofa aka yi, ba ta ci gasar rukunin ƙasa ba. Tana ƙasan tebur korona ta zo aka soke kakar 2019/20, ta tsira. Haka aka yi ta lallaɓawa har 2023, shekarar da ta kai wasan ƙarshe na kofin FA, Dreams FC ta doke ta da ci 2-0, kuma ta sake faɗuwa tare da Tamale City da Kotoku Royals.

Wannan kakar ta 2023 ta fi komai damuna. Zuwa wasan ƙarshe ya nuna akwai yara masu ƙafa. Sai dai kofi wasanni kaɗan ne, zuciya kan iya ɗaukar su. Lig kuwa wasa 34 ne, yana son albashi a kan kari, kuɗin mota zuwa Dormaa da Tarkwa, da koci wanda za a bari ya gama aikinsa. Wannan kaya ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, komai sadaukarwarsa, kuma Alhaji ya sadaukar da yawa.

Manyan ƙungiyoyin Ghana, Asante Kotoko da Hearts of Oak, ba su taɓa faɗuwa ba. Kotoko na da fadar Manhyia ta Sarkin Asante a bayanta, Hearts na da masu hannun jari. Faisal kuwa Zango gare ta, kuma Zangon Kumasi bai rasa 'yan kasuwa masu hali ba. Ina roƙon Alhaji ya buɗe musu ƙofar hannun jari, su kuma su sa kuɗi da sharaɗin kwamitin gudanarwa da lissafi a rubuce kowace shekara.