Kunnen Yaro Amana Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana iyaye.

Allah Maɗaukakin Sarki ya faɗa mana a Suratun Nahli, aya ta 78, cewa shi ne ya fito da mu daga cikkunan iyayenmu mata ba mu san komai ba, sannan ya ba mu ji da gani da zukata ko ma gode. Likitoci sun tabbatar jariri yana jin muryar mahaifiyarsa tun a watannin ƙarshe na ciki, kuma yana gane ta bayan haihuwa. To, wannan ni'ima ta ji da yaro ya zo da ita, me muke zuba masa a cikinta?

Ku leƙa gidajenmu a Unguwar Rogo, Gangare ko Rikkos bayan magariba. Sanyin Jos ya kora yara ɗaki, uwa tana fama da tukunya, uba ya nufi majalisa ko teburin mai shayi, ɗan shekara biyu kuwa an damƙa masa waya don ya bar mutane su huta. Shirun zai yi, amma waya ba ta amsa masa tambaya, ba ta kuma lura idan ya tsorata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Abin da ta ce a yi masa maimakon haka shi ne karatu da ba da labari. Tun a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa yaro littafi tun daga haihuwa.

Mu ba baƙin wannan hanya ba ne. Alƙur'ani da baki aka biya shi, da kunne aka karɓe shi, daga Mala'ika Jibrilu zuwa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, zuwa sahabbai, har zuwa malamin allo da ya biya mana muna binsa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta waƙoƙin ilimi, jajoji, wato malamai mata da ta horar, suna ɗauka suna rera wa matan karkara waɗanda ba su iya karatu ba. Kakanninmu mata kuma da "Ga ta nan, ga ta nanku" suka yi renonmu.

Maganata ta fi karkata gare ku, iyaye maza. Da yawanmu mun ɗauka idan an biya kuɗin makaranta, an kai yaro Islamiyya, shi ke nan an sauke nauyi. Alhali hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce dukkanmu makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin kiwonsa. Manzon Allah, da duk nauyin al'umma a kansa, ya ɗauki jikarsa Umama yana salla, ya tsaya ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umairu labarin ɗan tsuntsunsa. Kai wane aiki ne ya sha maka kai har ka kasa ba ɗanka minti goma?

Ka ɗora shi a cinya, ka buɗe littafi mai hotuna, ka karanta a hankali kana nuna masa da yatsa. A nan yake jin kalmomin da ba ya ji a "zo nan" da "bari" da "sauka" da muke yi masa yini guda. A nan yake koyon zama ya saurari magana daga farkonta har ƙarshe, wanda shi ne abin da malamin firamare da na Islamiyya za su fara nema a wurinsa. Idan ya katse ka da tambaya, kada ka daka masa tsawa, tambayar nan ita ce ribar zaman. Idan ya ce a maimaita labarin jiya, a maimaita masa, da maimaici yaro yake riƙe abu. Ku kuma yawaita yi masa da Hausa. A garin nan yaranmu suna tasowa cikin harsuna barkatai, abin alheri ne, amma abin takaici ne ɗan Bahaushe ya kasa ba da labari cikakke da harshen gidansu.

Ga ƙissar Annabi Yusuf da 'yan uwansa, ga Annabi Yunus a cikin kifi, ga Annabi Sulaiman da tururuwa, ga mutanen giwa. Sai dai a kiyaye: kada a ƙara wa ƙissar annabawa gishiri don a burge yaro. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a gaya masa tatsuniya ce, ƙissar Alƙur'ani a gaya masa gaskiya ce. Duk littafin da za ka karanta masa, ka fara duba shi kai kaɗai.

Wanda bai yi boko ba, ya karanta da ajami, ko ya sa yaya ko yayar yaron su karanta shi yana zaune tare da su. Wanda ba shi da kuɗin littafi ya ara a wurin maƙwabci, in yaransa sun gama ya miƙa wa gida na gaba.