Ɓawon ƙwarar manja ya fi ƙarfin murhu

Abin da ya ishe ni kwanan nan shi ne yadda ake tallata fitar da ɓawon ƙwarar manja ƙasashen waje, wai sabuwar hanyar samun dala. Ana kafa hujja da Japan, wadda tun bayan 2012 take sayensa daga Indonesiya da Malesiya tana ƙonawa a tashoshin lantarki. Wato iyakar burinmu ke nan, mu zama masu kai wa wasu makamashi?

Wanda ya taɓa fasa ƙwarar nan don man alayyadi ya san taurin ɓawonta, sai an sa dutse. Taurin nan shi ne dukiyar. Idan aka niƙa shi ya yi laushi, aka cakuɗa da narkakkiyar roba, yana ƙara wa kayan tauri, yana rage yawan robar da za a zuba, ga shi bai kai garin farar ƙasa da aka saba zubawa nauyi ba. Tun a 2008 masana a Jami'ar Benin da ke jihar Edo suka gwada shi a kayan birkin mota, a madadin asbesto mai lalata huhu. Daga nan takardun bincike suka yi ta fitowa, ana samun digiri da ƙarin girma, ana jibge takardun a kabad.

Masu cewa ɓawon yana shan ruwa kuma ba ya kama roba sosai ba su kawo sabon labari ba. Ana jiƙa garin a ruwan soda kafin haɗawa, ana kiyaye zafin inji kada ya ƙone, ba a kuma cika shi fiye da kima don kada kayan su riƙa tsagewa. Wannan aikin injiniya ne, ba dalilin naɗe hannu ba.

To ina NIFOR, cibiyar binciken ƙwarar manja da ke kusa da birnin Benin? Ina RMRDC, hukumar bincike da bunƙasa ɗanyun kayan masana'antu, wadda don irin wannan aka kafa ta? Matatar Dangote ta fara samar da ɗanyar roba a 2025, masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano kuwa kullum buga bokiti da kujeru suke yi. Ba a rasa mai saye ba, mai niƙa aka rasa. A kafa injin niƙa da tankaɗe kusa da gonakin kamfanonin manja na Okomu da Presco a Edo, a fitar da ma'aunin inganci, sannan a ɗora haraji mai zafi a kan duk wanda ya nace sai ya loda ɓawon a jirgin ruwa.