"Ba sukari" ba yana nufin ba ƙiba ba

Abin nan na masu sayar da kek da cincin a WhatsApp ya kai ni bango. Kun dai ga tallar da ke yawo: ba sukari, ci ki ƙoshi, tumbi zai sauka. Mata sun yi mata ca da oda, har da wata 'yar uwata da likita ya ce ta rage nauyi saboda hawan jini. Ta ci ta ci, ciki ya kumbura kamar ganga, ta kwana tana zarya banɗaki. Da ta kira mai kek, sai ta ce mata ai kitsen ne ke fita. Haba Hajiya! Zawo ne, ba kitse ba. Ki ji tsoron Allah.

Abin da ake zubawa a madadin sukarin nan su ne maltitol, sorbitol, xylitol ko erythritol. Hanji ba ya tsotse yawancinsu duka, sai ragowar ta jawo ruwa cikin hanji, bakteriyar babban hanji kuma ta ruɓar da ita ta cika ciki da iska. Shi ya sa a Tarayyar Turai, duk abincin da aka zuba masa su fiye da kashi 10 cikin 100, dole a rubuta a jikinsa cewa yawan ci na sa gudawa. Ita mai kek ba ta rubuta komai ba.

Kuma ba a banza suke zuwa ba. Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci, wanda rararsa ke zama kitse a jiki), sorbitol 2.6, xylitol 2.4, maltitol kusan 2. Erythritol ne kaɗai kusan babu. To mai fa? Giram ɗaya kalori 9. An cire sukari, amma fulawa tana nan, bota tana nan, man gyaɗan da aka soya cincin yana nan. Fulawar ma da ta shiga ciki sukari take komawa. An rage kaɗan, an ce miki ki ci ki ƙoshi, kin ninka abin da kika saba ci. Ina ragin?

Na san za a ce ai masu ciwon suga suna amfani da su. Maltitol yana ɗaga sukarin jini, bai kai sukari ba, amma yana ɗagawa. Za a ce ai a Amurka ma ana sha. A Amurkan ne masu bincike na Cleveland Clinic suka fitar a 2023 cewa sun ga alaƙa tsakanin yawan erythritol a jini da daskarewar jini, da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Alaƙa ce kawai, ba a tabbatar shi ne sanadi ba, amma mai hawan jini ya kamata ta ji ta kafin ta sa cokali.

Ni ba faɗa nake da abin ba. Ki sa erythritol kaɗan a shayi maimakon cokali uku na sukari, kin rage wani abu. Cingam mai xylitol ba ya ruɓar da haƙori. Abin da ke ƙona min rai shi ne a ɗauki macen da ke wahala da jikinta, ana mata gori a gidan biki, a sayar mata da burin banza a farashi ninki biyu.

Su ma masu shayin rage tumbi ban manta da su ba. Da yawansu filasko ne a ciki, wanda kakanninmu ke sha don wankin ciki. Ruwa kike zubarwa, ki sha ruwa nauyin ya dawo, ga jiri ga kasala.