Akuyar da ke hawa katanga don lasar gishiri

A kwarin Antrona da ke arewacin Italiya akwai madatsar ruwa ta Cingino, katangar dutse mai tsayin kusan mita 50, a miƙe kamar bangon rijiya. Ranar da na hango awakin dutse manne a tsakiyarta, kai a sunkuye suna lasa, sai da cikina ya ɗuri ruwa. Gishirin da ke tsattsafowa daga jikin ginin suke bi, don ciyawar tsauni ba ta wadatar da su. Kanwar da makiyayi ke ba garke ce dai, su nasu sai an hau.

Sirrin yana kofato. A rabe yake biyu, kowane ɓari na motsi da kansa, gefensa da tauri, cikinsa da taushi kamar roba, yana kama ɗan tudun da bai kai faɗin yatsa biyu ba. Galibi mata da 'ya'ya ke hawa. Bunsuru kan kai kilo 100, ƙahonsa kusan mita guda, nauyi ya hana shi. Barbara a Disamba da Janairu, haihuwa a Mayu ko Yuni, yawanci ɗa guda. Da hunturu suna laɓewa a gangaren da ke kallon kudu, inda rana ke bugawa ƙanƙara ta zame.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, farkon ƙarni na 19 saura ƙasa da 100 suka rage, duk a dajin tsaunin Gran Paradiso da ke arewacin Italiya. Aka hana harbinsu a 1821. A 1856 Sarki Vittorio Emanuele II ya killace dajin, ya zuba masu gadi. Ba tausayi ba ne, so yake ya yi farautarsa shi kaɗai. Amma yau sun kai wajen 50,000.

Mu fa? Ragon dutse na tsaunukan Ayar, a arewacin Nijar, yana cikin gandun dajin da aka kafa a 1988, kuma tun 1992 gandun ke jerin wuraren gadon duniya na hukumar UNESCO da ke cikin haɗari. Na sani, mai fama da fari da rashin tsaro ba ya kwana da tunanin rago. Sai dai kada a ɗora wa maharbin gargajiya laifi. Shi da kwari da baka yake fita, da izinin sarkin dawa, bayan an kawar da amfanin gona. Masu mota da bindiga mai sarrafa kanta ne suka share dajin, kuma su ba sa neman izinin kowa.