Rafin Cikin Gari Ba Ya Warkewa Da Ranar Shara Kaɗai

Duk lokacin da wata majalisar birni ta wallafa hotunan matasa sanye da safar hannu suna tsamo leda da robobi daga cikin rafi, sannan ta rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne haɗin gwiwarta da al'umma, raina yakan rabu biyu. Matasan sun cancanci yabo, domin sun ba da lokacinsu da ƙarfinsu ba tare da an biya su ko sisi ba. Sai dai kowa ya san abin da zai biyo baya: ruwan sama na gaba zai dawo da sharar daidai inda aka kwashe ta, warin zai ci gaba, gaɓar rafin kuma za ta ci gaba da zaftarewa. Ra'ayina shi ne, haɗin gwiwar da ta tsaya a kan jama'a su kawo ƙarfi hukuma ta kawo kyamara ba ta farfaɗo da rafi, kuma ba ta cancanci wannan suna ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke kashe rafin cikin gari yakan fara ne nesa da gaɓarsa, a kan rufin gidaje da kwalta da farfajiyar da aka shafe da siminti. A fili ko daji, ƙasa ce ke shanye mafi yawan ruwan sama, ta riƙa sakinsa a hankali har bayan damina ta wuce. A gari kuwa ruwan ba ya samun inda zai nutse, sai ya bi kwata da bututu ya faɗa rafi gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ɗauke da baƙin mai da yashi da dagwalo. Wannan ƙarfin ne ke kwakule gindin rafi, ya cinye gaɓa, ya share ƙwai da ƙananan halittun da kifi ke rayuwa a kansu. Idan rani ya zo kuma sai rafin ya ƙafe, tun da ba a bar wa ƙasa abin da za ta ajiye ba. Masu binciken ruwa sun daɗe da lura cewa lafiyar rafi takan fara taɓarɓarewa tun lokacin da kimanin kashi 10 cikin 100 na yankin da ke zuba masa ruwa ya rufu da abin da ruwa ba ya ratsawa. Leda ita ce abin da ido ke gani, amma ita ce mafi sauƙin magani a cikin matsalolin.

Daga nan ne ake gane dalilin da ya sa ɓangarorin biyu ba su da makawa sai da juna. Majalisa ce ke da ikon ba da izinin gini ko hana shi, ita ke riƙe da taswirar bututu da kwalbatoci, ita ce kuma ke iya cin tarar masana'antar da ke sako gurɓataccen ruwa. Amma ba ta da ido a kowane lungu, kuma mafi yawan rufin da farfajiyar da ruwan ke gangarowa daga kansu mallakar mutane ne. Mazauna bakin rafi su ne suka san bututun da ke fitar da baƙin ruwa da tsakar dare, su ne kuma suka san inda ambaliya ta taɓa kaiwa shekarun baya, abin da sau da yawa babu shi a kundin kowane ofishi.

An yi wani gwaji a rafin Little Stringybark da ke bayan birnin Melbourne a Ostireliya, wanda aka fara a wajen 2008, kuma ina ganin ya fahimci wannan batu fiye da ayyuka da yawa masu tsada. Masu bincike na jami'a da hukumar ruwa da majalisar yankin ba su fara da taɓa rafin kansa ba. Gidaje suka bi, suna tallafa wa masu gida da kuɗi su kafa tankunan tara ruwan rufi, su kuma yi ƙananan lambuna masu shanye ruwa, yayin da majalisa ke yin irin wannan a gefen tituna da filayenta. Daga baya aka saka sharaɗi a dokar tsara gine-gine ta yankin cewa sabon gini sai ya riƙe ruwan samansa. Ba abu ne mai ɗaukar ido a hoto ba, kuma sakamakonsa a hankali yake zuwa, amma a kan tushen cutar aka yi aiki.

Misalin da aka fi ambata a duniya shi ne rafin Cheonggyecheon na birnin Seoul a Koriya ta Kudu. Tsakanin 2003 da 2005, ƙarƙashin magajin gari Lee Myung-bak wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, aka rushe babbar gadar sama da titin da suka binne rafin, aka buɗe kusan kilomita 6 nasa. Wurin ya yi kyau, jama'a suna tururuwa, kuma babu mai musun cewa ya canza fuskar tsakiyar birnin. Duk da haka ba na sa shi a sahun gaba idan ana maganar haɗin gwiwa. Mafi yawan ruwan da ke gudana a cikinsa da injina ake turo shi, kimanin tan 120,000 a kullum bisa tsarin farko, daga kogin Han da ruwan ƙarƙashin ƙasa na tashoshin jirgin ƙasa. 'Yan kasuwa da 'yan tireda masu yawa da ke cin abinci a wurin sun yi zanga-zanga saboda tashin da aka yi musu. Aiki ne da aka tsara daga sama aka kuma gama cikin gaggawa, kuma birnin da ba shi da kuɗin biyan wutar injinan har abada ba zai iya kwaikwayonsa ba.

Na fi son abin da tsohuwar majalisar birnin Waitakere a yammacin Auckland a New Zealand ta yi daga 2003, a shirin da aka sani da Project Twin Streams, wanda ya shafi gaɓar rafuka mai tsawon kilomita 56. Maimakon ta miƙa komai ga 'yan kwangila, sai ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin unguwanni, ta ba su kuɗi su ɗauki masu kula da aikin daga cikinsu, su kuma jawo makarantu da maƙwabta wajen cire ciyawar da ta mamaye gaɓa da dasa itatuwan asalin ƙasar. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi da gidajen da ke kan hanyar ambaliya. An zauna da masu su ɗaya bayan ɗaya, aka saye da yardarsu, ba tare da an yi amfani da ikon ƙwace ba duk da cewa doka ta tanadi hakan. Wannan ya ɗauki lokaci, amma wanda ya sayar da gidansa da yardarsa ba ya zama abokin gabar rafin.

Wannan batu na mazauna gaɓa shi ne wurin da shirye-shirye da dama suke nuna ainihin fuskarsu. A birane masu yawa talaka ne ke zaune a bakin rafi, domin nan ne filin da kowa ya guje wa saboda ambaliya da wari. Idan gyara ya zo, shi ake fara kira mai laifi, shi ake fara rushe wa ɗaki, sannan idan wurin ya yi kyau kuɗin haya ya tashi, sauran maƙwabtansa ma su bi shi. Majalisar da ta kira taron jin ra'ayi bayan ta riga ta gama zane ta kuma ba da kwangila ba shawara take nema ba, sa hannu take nema.

Sai kuma maganar haƙuri da kuɗi. Kogin Emscher na yankin Ruhr a Jamus ya shafe kusan ƙarni guda a matsayin buɗaɗɗiyar kwatar ƙazanta, saboda haƙar kwal tana sa ƙasa ta lotsa har bututun ƙarƙashin ƙasa su farfashe. Ƙungiyar da ke kula da shi, wadda aka kafa tun 1899, ta haɗa birane da masana'antu da kamfanonin haƙar ma'adinai a matsayin mambobi masu biyan kuɗi. An fara gyaran a 1992, ba a raba kogin da ruwan ƙazanta ba sai ƙarshen 2021, bayan an kashe kimanin Yuro biliyan 5.5. Shekaru talatin ke nan, alhali wa'adin kansila ko magajin gari bai wuce 'yan shekaru ba. Ƙaramin rafi ba ya buƙatar irin wannan dukiya, amma yana buƙatar wanda zai ci gaba da tuna alkawari bayan an canza masu mulki, kuma a nan ƙungiyar unguwa ta fi kowane ofishi dogon tunani.

Ba na wanke al'umma daga laifi. Akwai mai zubar da shara a kwalbati da dare ya kuma fito taro da safe yana zagin hukuma, akwai mai haɗa bututun bayan gidansa da magudanar ruwan sama, akwai kuma ƙungiyoyin da ke mutuwa da zarar mutum ɗaya mai himma ya gaji ko ya ƙaura. Saboda haka nake ganin duk haɗin gwiwar da za a yi a rubuta ta: wane ne zai yashe kwalbati kuma sau nawa a shekara, nawa aka ware a kasafin kuɗi domin kula da itatuwan da aka dasa har su kafu, kuma kwana nawa hukuma za ta ɗauka kafin ta amsa rahoton gurɓata. A Birtaniya akwai masu aikin sa kai da ake horarwa su riƙa ƙirga ƙananan ƙwarin ruwa a wuri ɗaya kowane wata, kuma idan adadin ya faɗi ƙasa da wani mizani da aka amince da shi, sai su sanar da hukumar muhalli ta zo ta bincika. Da irin wannan tsari, rahoton mazaunin unguwa yana da lamba da kwanan wata da ofishin da ke jiran sa, kuma jami'in da ya yi biris da shi ya san za a iya tambayarsa dalili a taron majalisa na gaba.